Jihar da Ke Ƙasan Allo

Akwai wata ƙara da nake ji kowace safiya a wurin aikina, kuma har yau ban saba da ita ba. Ƙarar 'yar tayar nan ce da ke tsakiyar mawus ɗin kwamfuta, idan ka murza ta da yatsa: ƙiris, ƙiris, ƙiris. Aikina buga takardu da cike wa mutane fom a wani shago a nan Gashuwa, don haka a yini ina murza ta fiye da yadda zan iya tunawa. Amma murzawar farko ta safe, kafin ɗalibai su cika shagon, ita ce take mayar da ni wata ranar bazara, ina 'yar shekara goma sha biyu, ina tsaye a bayan kujerar mahaifina.

Bari in faɗa maka a jere, don ba na son labarin da aka fara daga tsakiya.

Baba akawu ne a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Lokacin da na yi wayo jirgin ya yi wuyar gani, shi kuma ya yi ritaya, amma tafiretarsa tana nan a zaure, a rufe da tsohon zanen Inna. Mutanen unguwa suna kawo masa wasiƙa da takardar koke. Yana da tsari: ka faɗa, ya rubuta da fensir, ya karanta maka, sannan ya buga. Idan harafi ɗaya ya kuskure, sai ya zare takardar ya sake daga farko. Haka gidan ma yake. Takalma a jere a bakin ƙofa, butoci a gefen randa, kowace da gurbinta.

Dokarsa mafi girma ita ce yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane. Wata rana yana ba baƙi labari, ya ce ranar Talata Kawu ya zo, sai na ce, "Laraba ce, Baba." Bai dake ni ba. Da baƙin suka tafi ya kira ni, ya ce, "Ko rami kika ga na nufa, in dai da mutane a wurin, ki kama bakinki sai mun shiga gida." Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Na riƙe wannan karatu fiye da duk wanda aka yi mini a makaranta.

Yayata ita ce 'yar fari, saboda haka Baba ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "yarinyar nan". Tun ranar da aka kawo Goggonmu daga Jakusko a bayan akori-kura tana naƙuda, rai ya yi halinsa kafin a iso asibiti, Yaya ta ce ita aikin ungozoma za ta koya. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau. A shekarar ne makarantar da take so ta ce ba a ƙara sayar da fom na takarda, sai dai a cike ta intanet.

Kawu, ƙanin Inna, ɗan kasuwa ne a Gashuwa, kuma yana da shago mai kwamfuta biyu, ɗaya tana da intanet. Shi bai iya ko kunna ta ba. Matarsa ce, Anti, take aikin. A hutun da ya gabata na zauna a gidansu, kullum ina gefenta. Allon kwamfutar ƙarami ne mai ƙatuwar ƙeya, faɗinsa bai fi murfin langa ba. Duk lokacin da aka buɗe jeri mai tsawo, sai ƙarshensa ya zarce ƙasan allon. Idan ka murza tayar mawus, shafin gaba ɗaya ne zai motsa, jerin kuma ya rufe. Anti ta nuna mini dabarar. Ka buɗe jerin, ka ɗauke hannunka daga mawus, ka yi ta danna maɓallin kibiya mai kallon ƙasa har ka iso abin da kake nema. Ta sa na yi sau da yawa har na iya.

Ranar ƙarshe ta cike fom muka tafi, don sai a jajibirin ranar takardar shaidar ƙaramar hukuma ta fito. Mun fito daga Nguru da sassafe, ni da Baba da Yaya. Ni an tafi da ni ne don a bar ni hutu a gidan Kawu. Hanyar a lokacin ta lalace, sai da hantsi ya yi sosai muka isa. Muka tarar Anti ta tafi bikin suna a Jajimaji, ba za ta dawo ba sai washegari.

Kawu ya rikice. Ya ce ko a nemi wani shago. Baba ya dubi maɓallan, ya ga haruffan a jere suke kamar na tafiretarsa, ya naɗe hannun riga.

"Shekara talatin ina bugu," ya ce. "Kunna mini."

Wani mai jiran layi ya buɗe masa shafin. Ina tuna zafin kwanon rufi a kan kawunanmu, da warin hayaƙin janareta yana haɗuwa da na bandar kifi daga kasuwa. Maza biyar ko shida suna zaune a benci, har da wani tsoho mai sayar da goro da ya shigo shan inuwa. Yaya tana tsaye a gefe da takardunta cikin leda.

Da farko komai ya tafi daidai. Suna, ranar haihuwa, makarantar da aka gama. Yatsun Baba suna gudu, mutanen benci suna jinjina kai. Sai aka zo gurbin jiha. Nan ba bugawa ake yi ba, zaɓa ake yi. Ya danna, jerin ya sauko: Abia, Adamawa, haka har Kano, sai rabin Katsina a bakin allo. Daga nan babu komai. Yobe tana can ƙasa, kusa da ƙarshe.

Ya ja mawus ɗin ƙasa, 'yar alamarsa da ke yawo a kan allo ta tsaya a baki. Ya murza tayar, jerin ya rufe. Ya sake buɗewa, ya sake murzawa, ya sake rufewa. Ya ɗaga mawus ɗin ya duba cikinsa, ya hure shi, ya goge a rigarsa. Ya ja shi har ya faɗo daga gefen tebur. Na ƙirga sau tara.

"Malam, ko Yoben ta faɗa kogi ne?" in ji wani daga benci. Aka yi dariya.

"A ɗaga akwatin sama mana, wataƙila tana ƙarƙashi," in ji wani.

Kawu ya ce su yi wa Allah su yi shiru. Ya leƙa waje, ya dawo ya ce man janareta ya kusa ƙarewa, kuma sabis ɗin intanet ɗin nan ba a yarda da shi bayan azahar. Gumi ya jiƙa bayan rigar Baba.

Maɓallin kibiyar yana nan kusa da hannunsa na dama, bai kai taƙi ɗaya ba. Tafireta ba ta da kibiya, shi ya sa idonsa bai taɓa sauka a kansa ba. Na buɗe baki. Na dubi mutanen benci, na dubi ƙeyar Baba, na tuna kwana ukun nan. Na ce a raina zan jira ya juyo ya tambaya, ko ya fita shan iska in bi shi. Bai juyo ba, bai fita ba.

Tsohon mai goro ne ya yi magana. "Malam, kana ta wahala. Ga Borno can a sama tana kallonka. Da can mu duka ba 'yan Borno ba ne? Jiya-jiya aka yanke mu."

Baba ya saki mawus ɗin. Ya miƙa hannu Yaya ta ba shi ledar. Ya zaro takardar haihuwarta, wadda aka rubuta kafin a ƙirƙiro jiharmu. A jikinta an buga Nguru, Jihar Borno, da hatimi.

"Ba ƙarya zan rubuta ba," ya ce. "Ga shi a takarda. In an je can, sai a ja layi da biro a gyara, babba ya sa hannu. Haka ake yi a kowane ofis."

"Baba, ɗaya takardar, ta ƙaramar hukuma, Yobe ce a jiki," in ji Yaya, a hankali.

"Na gani."

Ya zaɓi Borno. A gurbin ƙaramar hukuma ya buga Nguru da hannunsa. Ya karanta daga sama har ƙasa kamar yadda ya saba, ya tura. Mutanen benci suka yi masa barka.

Yaya ta ci jarrabawar. Sunanta ya fito da damina, gero ya fara fitar da kai. Inna ta ɗinka mata fararen kaya, aka saya mata akwatin ƙarfe da bokiti. Baba da kansa ya raka ta wurin tantancewa, tafiyar yini guda. Kwana biyu suka dawo, da akwatin da bokitin.

Abin da ya faru shi ne, kowace jiha da adadin gurbinta. Sunan Yaya ya fito a gurbin Borno, takardar shaidarta kuma ta Yobe ce. Baba ya nuna takardar haihuwa, ya yi bayani, ya roƙi a ja layi a gyara. Jami'in ya ce abin da ke cikin kwamfuta babu biron da ke gyara shi, kuma su gode wa Allah da ba a kira musu 'yan sanda ba, don masu satar gurbin wata jiha haka suke yi. A gaban layin iyaye da 'ya'yansu aka faɗa wa Baba haka.

Aka ce sai baɗi. Amma kafin kaka ta wuce, Baba ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Inna ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Yaya ce ta riƙa juya shi, tana wanke shi, tana ba shi kunu da cokali. Shekara shida tana wannan. Kafin ya rasu, shekarunta sun wuce waɗanda makarantar take karɓa. Fararen kayan nan, Inna ta yanka su ta yi rigunan filo.

A cikin shekarun jinyar akwai abin da yake yi mini da ban gane ba. Idan na zauna kusa da shi, sai ya kama yatsana da hannunsa na hagu, ya riƙa danna shi a kan tabarma, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yana kallona, yana ƙoƙarin magana ba ta fita. Na ɗauka ciwon ne. Nakan zare hannuna in tashi, don ba na iya haɗa ido da shi.

Ban gaya wa kowa ba. Na koyi aikin a wurin Anti, na yi aure a Gashuwa, na haifi 'ya'ya. Yaya ma nan take yanzu, tana sayen tattasai tana shanyawa tana sayarwa. Bara, da lokacin shanya, na same ta a tsakar gida tana tsince ruɓaɓɓu. Na zauna na taya ta, sannan na faɗa mata komai a jere, tun daga hutun da Anti ta koya mini har ranar. Na ce ta yafe mini.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai mun sani."

Ta ce a hanyarsu ta dawowa daga tantancewa, Baba ya sa suka sauka a Gashuwa. Ya je shagon ya ce Anti ta nuna masa yadda ake kaiwa ƙasan jerin. Ta nuna masa. Sannan, ba da wata manufa ba, ta ce, "Ai ƙaramar ta iya, ba tana wurin ba?" Baba ya tashi, suka koma tasha. A mota ya ce wa Yaya kada wanda ya tayar mini da maganar har abada.

"Me ya ce a kaina?" na tambaye ta.

"Cewa ya yi, 'Ta yi abin da na koya mata.'" Ta watsar da ruɓaɓɓen da ke hannunta. "Miƙo mini wancan buhun, rana na yi."

Yanzu allon da ke gabana ya kai faɗin taga, jerin jihohi yana fitowa gaba ɗaya, yara ma a waya suke cike fom da babban yatsa. Na gaji tsarin Baba kusan duka. Takalma a jere suke a gidana, kuma ba na tura fom sai na karanta wa mai shi daga sama har ƙasa. Doka ɗaya ce na ƙi ɗauka. Kwanan baya 'yata ta gyara mini magana a gaban baƙi, na ji kalaman Baba sun taho har bakina. Na haɗiye su, na ce mata gaskiyarta ce.

Maɓallin nan mai kallon ƙasa yana kan teburina, fentinsa ya goge. Wani lokaci, idan shagon ya yi shiru, nakan ɗora yatsana a kai in danna sau uku, yadda yake yi mini a kan tabarma. Sau nawa ya kama hannuna a shekara shidan nan, ban ƙirga ba. Na dai san ko sau ɗaya ban tsaya ba.