Faifan da Iya Ta Shanya

Wata Juma'a ce a farkon daminar 1955, an sauko daga masallaci, ina tsugune a bakin rijiya ina wanke-wanke, sai na ji ihun yara ya cika hanya. Na watsar da ƙorai na ruga. Baffa Sale ne, ƙanen mahaifina, ya dawo daga Riruwai, ƙarti na biye da shi ɗauke da wani dogon akwati naɗe cikin bargo kamar marar lafiya. Gumi yake sharɓa yana daka musu tsawa: "A hankali! Kada ku karkata min shi!" Duk ƙauyenmu, can kudu da Tudun Wada, babu wanda bai leƙo ba. Da aka kware bargon sai ga katako ja wur, yana sheƙi har kana ganin fuskarka. Garmaho ne, akwatin kiɗa, in ji Baffa, kuma ba irin ƙananan nan na 'yan tireda ba. Baturen haƙar kuza da ya yi wa kuku ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu.

Kai, mun ga iyayi a ranar! Daɓen ɗakin Baffa ba a miƙe yake ba, shi kuwa ya rantse garmaho ba ya son gangare. Ya ɗora kofin ruwa a kan murfin, ya kwanta rub da ciki yana duba inda ruwan ya karkata, ni kuma ina miƙa masa sakaina yana cusawa a ƙarƙashin ƙafafun. Sai da la'asar ta yi sanyi ya gamsu. Ya goge faifai da farin ƙyalle, ya ɗaura sabuwar allura, ya wana hannun a hankali bakinsa na motsi. Doka ya kafa mana a take: ba a taɓa fuskar faifai, ba a tsalle kusa da akwati, mai majina ya tsaya a ƙofa. Kaɗe-kaɗen Turawan da ya zo da su kuwa, ni dai ban ji komai a ciki ba sai ƙugi, tsofaffi ma suka kaɗe riguna suka watse.

Ashe akwai faifai guda da ya ɓoye. Mahaifina, Habu, manomi ne, amma yana yi wa wani makaɗin gangar noma amshi, har aka taɓa kwasarsu zuwa Kano aka ɗauki muryarsu. Bai taɓa jin faifan ba. Ya tafi cin rani Riruwai, ramin kuza ya rufta da shi tun ina tatata. Mahaifiyata ta gama takaba ta koma gidansu a Kiru, aka bar ni wajen kakata, Iya. Baffa ya yi ta cigiya a kantunan birni har ya samo faifan. Da ya ɗora shi, ganga ta tashi, sai wata murya siririya ta ɗaga sama da ta sauran 'yan amshi. Baffa ya dafa kaina ya ce, "Tasalla, ga babanki." Ban san fuskarsa ba, ba shi da hoto. Muryar nan ita ce duk abin da na gada.

Mahaifina ɗan fari ne, don haka Iya ba ta taɓa kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. In ta kama dole sai ta ce "wancan yaron". Ba ta shiga ɗakin garmaho. Sai dai ta jawo tabarma kusa da ƙofa, ta ba mu baya tana kaɗi, wai nan inuwar ta fi sanyi. Amma da muryar ta ɗaga, mazarin sai ya tsaya cak. Ita ce kuma ta karɓe faifan ta sa a cikin adudunta, tsakanin zannuwan saƙi, wai ɗakin Sale yoyo yake yi. Wallahi ɗakin Baffa ko ɗigo ba ya yi.

Tashin hankalin shi ne muryar ƙarewa take. Baffa ya ce allurar ƙarfe cin faifai take yi, kowane juyi sai ta ɗebe kaɗan. Ya yanke cewa sai Juma'a za a riƙa sa shi. Da allurai suka ƙare, sai ya tuna Baturen kan yi amfani da ƙaya, wai ta fi tausayin faifai. Aikina ke nan. In an tashi daga makarantar allo, ƙawayena suna carafke, ni ina jeji ina tsinko farar ƙaya, in busar, Baffa ya fiƙe ta da reza. Yatsuna duk sun sha suka, ban taɓa kuka ba. Duk da haka shiii ɗin da ke bayan waƙar kullum ƙaruwa yake, muryar tana ja da baya. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ban san wa zan gaya wa ba.

Da kaka ta kama a shekara ta biyu, aka shiga shanya kamar yadda aka saba. Bayan damina komai na ɗaki sai ya sha rana, tabarmi, tufafi, ƙorai, har layu. Baffa yana gona wajen yankan gero, ni na kai masa fura. Iya ta buɗe adudu ta tarar takardar faifan ta yi fumfuna. Ta zare shi, ta goge da bakin zaninta, ta shimfiɗa sabon zane a kan falalen dutsen bayan gida inda rana ta fi kyau, ta kwantar da shi. Ta zauna tana korar kaji. Da rana ta take har juya shi ta yi, don ɗaya gefen ma ya samu.

Muka dawo muka tarar ya lanƙwashe kamar busasshen ganyen kabewa. Baffa ya ɗauke shi yana jujjuyawa. Wa zai yi wa uwarsa faɗa? Ya shiga ɗaki ya wana garmaho, ko Allah zai sa. A ranar Iya ta biyo mu har ciki. Allura ta riƙa hawa tana gangarowa, ganga ta zama gurnani, muryar babana tana jan numfashi tana karyewa kamar mai nishi. Iya ta dafa bango ta ce, "Sale, ɗage allurar nan. Habu yana shan wahala." Ranar kaɗai na taɓa jin sunan a bakinta. Ba ta ƙara jawo tabarma ƙofar ba, mazarin ma ta ajiye shi, kuma ba ta ga wata kakar ba.

Baffa ya koma birni cigiya har ya gaji, aka ce irin faifan ya ƙare. Garmaho ya zama wurin ajiye fitila, daga baya gara ta shige shi. Yanzu jikokina suna ɗaukar muryar kowa a waya, har kukan akuya, in ta cika su goge ko a jikinsu. Sun bincika min waƙar ko'ina, babu. Kalmomin amshin suna nan a kaina daram, ina iya rera su. Amma duk sanda na rufe ido na nemi muryarsa, tawa nake ji.