Sababbin Kwansunan Harsashi

Mijina maƙeri ne a Korgom. Bayan gyaran hauya da lauje, ya gaji wata sana'a wurin mahaifinsa: mafarauta su kawo masa kwanson harsashin da suka harba, ya sake cika musu. Ni da nake share maƙerar na san kamannin kayan: baƙi ƙirin, duk lotsawa, ga warin albarushi. Mafaraucin garinmu yakan yi rabin yini yana neman kwanso ɗaya cikin ciyawa, don ba shi da wani.

Wata ranar kasuwa wani baƙo ya shigo da jakar leda, ya zazzage a tabarma. Kwansuna ne na tagulla dogaye, sababbi fil, ko ɗaya ba a taɓa harbawa ba. Gabana ya faɗi. Wa ke harbin zabi da irin wannan?

Mijina ya ɗauki ɗaya ya shinshina. "Malam, mi kaka farauta?"

"Zomaye," in ji baƙon, ba tare da ya dubi kowa ba. Ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa.

Da fitarsa na ce, "Maigida, wallahi zomayen wannan da ƙafa biyu suka tafiya." A shekarar kullum sai mun ji an kore shanu ko an ɗauke mutum wajen iyaka. In mijina ya cika kwansunan, ko dai jandarmomi su zo kansa, ko hannunsa ya shiga jinin wani. In ya ƙi, baƙon ya riga ya san ƙofarmu. Ni na fi son a kai ƙara. Mijina ya ce a kai ƙarar wa? Idan mutumin kirki ne fa? Haushi ya sa ban yi masa magana ba kwana biyu.

Abin da ya yi ban zata ba. Ya kwashe ƴan ƙarafan aikin cika harsashi da ubansa ya bar masa, ya sa a wuta a gaban mutane, ya buga su suka zama ƙusoshi. Da baƙon ya dawo, ya miƙa masa ledarsa. "Na bar wagga sana'a. Tambayi kowa."

Baƙon ya daɗe yana kallonsa kafin ya tafi. Har yau ba mu san ko wane ne ba.

Shekara huɗu ke nan. Mijina, da a da ko ƙyaure ba ya sakayawa in ya shiga gida, yanzu ba ya zama a maƙera sai fuskarsa na kallon hanya.