Rodin gini a ƙarƙashin motata

Bakanike ya fito daga ƙarƙashin tsohuwar jif ɗina a unguwar Nombakélé yana salati. Masu kuɗin fetur na sayen sababbi, ni lallaɓawa nake. Na kai ta ne a sa mata ƙarfen baya mai kauri, wanda ke hana mota tangaɗi a kwana. Ashe na jikinta rodin gini ne aka shafa wa baƙin fenti!

A motar nan nake kai 'ya'yana makaranta.

Na kira ɗan garinmu da ya sayar mini da motar. "Yaya, ka san da rodin nan?"

Sai ya ce, "Ai shi ya sa kullum nake ce maka ka tafi a hankali."

Gaskiya ya sha faɗa mini haka. Na zaci ƙauna ce.

Jama'a, ku za ku sake gaishe shi?