Bankwanan da Yaya Kiyari Ya Yi da Wuri

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Kiyari, amma yau ban zo da kuka ba. Da murna na zo.

Injiniyan ruwa ne. Wani kamfani na ƙasar Turawa ya ɗauke shi aiki, ya tura masa takardu, saura biza kawai. Aka ce ya shiga layi. Shi kuwa Yaya, da yake ba ya iya riƙe farin ciki a ciki, tun dosiyensa, wato fayil ɗin neman bizar, bai motsa ba ya ɗauki babur ya bi dangi gida-gida yana bankwana. Ya je garin Dogo, ya je Zermu. Gwaggonninmu suka yafe masa, suka haɗa masa guzurin gyaɗa da ƙuliƙuli, har da hawaye.

Sai tattalin arzikin can ya karye. Kamfanin ya sallami ma'aikata, ya janye takardarsa, shekarun da ya yi a layi suka tafi a banza. Mu muka cinye guzurin. A unguwarmu ta Kara-Kara in ya wuce sai a ce, "Injiniya, yaushe ka dawo?" Ya yi dariya ya ce, "Jirgin ne bai cika ba." Ni ma na tsokane shi, kuma abin yana ci mini rai har yau.

To ga ikon Allah. Ƴarsa Falmata ta karanci jinya, wani asibitin can ya neme ta, ita ma ta daɗe a layin. Da kasuwa ta sake faɗuwa, kamfanoni suka janye mutanensu, layi ya rage tsawo, marasa lafiya kuwa ba su ragu ba. Matsin da ya fitar da uba shi ya matso da ƴa gaba. Da yana nan, na san yanzu yana kan babur, hula a karkace!

Ita ba ta faɗa wa kowa ba sai da bizar ta zauna a fasfonta. Jiya ta miƙo mini shi, na juya shi ya fi sau goma. Haƙurin jiran nasa ne, ta gada. Shirun kuma abin da muka yi masa ne ya koya mata.

Da za ta tashi ta ce, "Baffa, mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Ka je mini ka yi masa addu'a, ka ce na samu."

Gobe da safe zan je.