An Kora

Iya, kakarmu, ba ta cika yi mana tatsuniyar dabbobi ba. Labarinta guda ne, na wasu Turawa huɗu mawaƙa, kuma ko mun ce mun gaji sai ta maimaita. Da an kwashe tuwo, garwashi na ja a murhu, sai ta jawo rediyonta mai kaset.

"Matso nan, mijin nawa," haka take tsokanata, "ka bar hamma kamar wanda ya wuni a gona."

Wai samari ne, abokai tun ba su da gemu, suna yawon kiɗa gari gari a wata kwararraɓaɓɓiyar mota har suka yi suna. Sai mai zaƙin muryar cikinsu ya yi abin da ya ɓata wa babbansu rai, aka ce ya tattara ya tafi. Suka ɗauko wani, taro ya ci gaba da cika, amma tun daga ranar duk waƙar da suka yi sai nadama ta fito a ciki.

"Ku kasa kunne," in ji ta, ta danna kaset. "Kun ji? A more, a more, wato a ci duniya. To ga shi nan: an kora! An kora! Da bakinsu suke faɗa."

Wallahi haka yake fita, Hausa tsaf. Mu kuwa sai mu miƙe muna tsalle muna ihun an kora, muna kwaikwayon korar akuya. Iya tana goge ido da bakin zani tana zagin hayaƙi. Malam, kakanmu, yana kan buzu a ƙofar ɗakinsa. Bai taɓa cewa a kashe ba, bai kuma taɓa ɗago kai ba.

Sai da na girma na san kaset ɗin na Baffa Sale ne, ɗan farin Iya. Ya yi aiki da 'yan Italiya masu shimfiɗa titin garinmu, ya koyi kaɗa jita a wurinsu, Malam ya ce babu makaɗi a gidansa, ya kore shi, aka daina ambatonsa. Har Malam ya rasu bai janye ba, mu kuma muka gaji shirun ba tare da kowa ya ce mu gada ba.

Annobar da ta sa aka rufe gari ta riske ni a Kuala Lumpur ina karatu, a kulle a wani bene a unguwar Taman Melati, ga labari daga gida cewa Iya ta kwanta. Wata la'asar maƙwabcina, wani dattijo ɗan Italiya mai koyarwa a jami'a, ya kunna waƙa a barandarsa. Waƙar kaset ɗin Iya ce, sak. Na leƙa na tambaye shi su waye.

Ya ce mawaƙan ƙasarsu ne, sun yi wajen shekara hamsin tare, kuma cutar ce ta ɗauke makaɗin gangarsu. Na ce ai na san tarihinsu, su ne suka kori ɗan'uwansu.

"Ba wanda ya kore shi," in ji shi, "da ƙafarsa ya tafi. Ranar taronsu na ban kwana ma sun kira shi, ya hau dandali da furfurarsa."

Na ba shi labarin an kora. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe a harshensu ankora na nufin har yanzu, amore kuma soyayya. Na taya shi dariyar, har na ce ai ka san tsofaffin ƙauye.

Ina shiga ɗaki kunya ta rufe ni. Kai, ban taɓa jin na raina kaina irin ranar ba. Iya ba ta da bakin faɗin sunan ɗan farinta, balle ta roƙa masa gafara a fili, kunyar ɗan fari ta hana. Shi ne ta ari bakin Turawa tana roƙon mijinta a gabanmu, mu muna rawa. Ni kuma ga saƙonnin Baffa Sale jibge a wayata tun farkon kulle. Ban san inda ya samo lambata ba. "Ɗana, ya jikin Iya?" Ina gani ina wucewa.

Na kira shi a take. Ko gaisuwa ban iya kammalawa ba.

"Tana ma tunawa da ni kuwa?" ya tambaya.

Na ce, "Baffa, da labarinka aka raine mu, mu ne ba mu gane ba."

Ya ce an rufe hanyoyi, amma zai san dabara. Ya kuwa isa, a bayan motar albasa. Ƙanwata ce ta ba ni labari. Wai da ya durƙusa a gaban gadonta, Iya ko kallonsa ba ta yi ba, ta juya fuska bango ta ce, "A ba wancan ruwa, ya sha hanya." Amma ta damƙe gefen rigarsa, har aka kawo ruwan ya kasa miƙewa ya karɓa.