Kwat ɗin Hedimasta da Tsakuwa ta Biyar

A layin teloli, shago na biyar idan ka shigo ta bakin titi, nan Mai Tsakuwa yake zaune shekara ashirin da shida. Sunan ba na yanka ba ne, mu maƙwabta muka raɗa masa, kuma da farko har almakashi ya taɓa ɗaga wa mutum a kansa. Yanzu kuwa ko a waya aka ce “Mai Tsakuwa ne?” sai ya ce “Shi ne, me za a ɗinka?”

Gajere ne, mai sanƙo, tabaransa kullum a ƙarshen hanci. Hannunsa a kan yanka ba a magana. Matsalar tana ƙodarsa ta dama. Ƙodar mutane aikinta take yi ta yi shiru, tasa kuwa har da sana’ar gefe: duk bayan shekara biyu sai ta ƙera masa tsakuwa. Sau huɗu ke nan cikin shekara tara. Ciwon daga kwiɓi yake tasowa ya gangaro mara, mutum ya rasa zama ya rasa tsayuwa, ga amai ga gumi. In abin ya fito kuma a cikin fitsari, sai ka ga wanda ya sa dattijo birgima a ƙasa bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Bayan ta huɗun likita ya yi masa magana a gaban matarsa, wannan kuwa shi ne kuskuren likita. Ya ce a rage gishiri, a sha ruwa lita uku kullum har fitsari ya yi fari tas. Matar ta riƙe maganar fiye da yadda ta riƙe ranar aurenta. Kowace safiya takan cika manyan goruna uku ta jera masa a jaka, da yamma ta ɗaga kowace ta girgiza.

To, ruwa in ya shiga sai ya nemi hanyar fita. Banɗakin layin kuma yana can baya: ka wuce masu guga, ka zagaya bayan shaguna, ka nemi maigadi ya ba ka makulli, in ka yi sa’a ba ya barci a kan benci. Mai Tsakuwa ya ƙirga, taku ɗari uku da arba’in zuwa da dawowa. Sau takwas yake yin wannan tafiyar a wuni.

A shago na shida kuwa, falanki ɗaya tsakaninsu, akwai Dogo, ƙanin matarsa. Shi ma tela ne, ya haura arba’in, bakinsa ba ya rufuwa. Abin da ya fi ci wa Mai Tsakuwa rai game da Dogo, tun kafin a zo kan ɗinki, ƙodarsa ce. Mutum ne da ba ya shan ruwa sai lemon kwalba, gishiri har barbaɗawa yake a kan abin da an riga an sa wa gishiri, ya zauna a kan keke tun safe har la’asar bai tashi ba, amma ko ciwon kai ba ya yi. Mai Tsakuwa yakan ji ƙarar buɗe kwalba ta bayan falanki, ya dubi gorarsa, ya yi tsaki.

“Mijin Yaya, an tafi ofis?” Haka Dogo ke cewa duk lokacin da ya ga ya miƙe.

“Ofishin gidanku.”

“A gaida manaja. In an zo nemanka zan ce kana taro.”

Wasa ne, kowa ya sani. Amma wanda ya zo ya tarar da shago ba kowa, ina zai tsaya? Dogo yana da benci mai katifa da fanka. Sai ya ce “Ku zauna, yanzu zai dawo.” Mutum na zaune yana kallon ɗinkin da ke rataye, kafin Mai Tsakuwa ya gama farautar maigadi, an riga an auna kafaɗa. Haka ya rasa mai kantin magani, haka ya rasa direbobi biyu. Ya haɗiye. Amma akwai mutum ɗaya da ya rantse a ransa ba zai haɗiye ba, wato Hedimasta.

Hedimasta ya daɗe da yin ritaya, sunan ne bai yi ba. Shekara ashirin da biyu babu wanda ya taɓa ɗora masa tef sai Mai Tsakuwa. In ana gardamar wanda ya fi iya ɗinki a layin, da shi Mai Tsakuwa yake rufe bakin kowa: “Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara wa mutane kuskure da jan biro, bai taɓa dawo mini da riga ba.”

Wata Talata Mai Tsakuwa ya dawo daga tafiyarsa ta uku, yana goge hannu a wando, sai ya hango Hedimasta zaune a kan bencin Dogo yana dariya har da riƙe ciki. Dogo na tsaye a kansa, yana shafa masa kafaɗa da tafin hannu yana bayani. Mai Tsakuwa ya ji wani abu ya soke shi, kuma wannan karon ba a kwiɓi ba.

Hedimasta ya taso da ledar yadi, shuɗi mai duhu, mai nauyi. Autarsa za ta karɓi digiri nan da mako biyu, yana son kwat da wando.

“Kai zan ba, kamar kullum,” in ji shi. “Amma surukin nan naka yana da kai. Ya ce yanzu an daina cusa wa kafaɗa soso da yawa. Ya nuna mini wata da ya yi, wallahi ta zauna.”

“Ranka ya daɗe, shi da ya koyi zura zare jiya?”

“Ni dai na faɗa. Zan riƙa leƙowa gwaji in na samu sarari.”

Bai faɗi rana ba, bai faɗi lokaci ba. Hedimasta ba ya faɗa, tun yana riƙe da makaranta haka yake faɗo wa malamai aji. Mai Tsakuwa ya zauna ya yi lissafinsa: duk mintin da ya bar shagon nan, Hedimasta na iya faɗowa, benci mai katifa na jiransa. Ya dubi gorunan nan uku. A ranar ya yanke shawarar da ko akuya ba za ta yanke ba.

Ya daina sha. Gora ɗaya ya riƙa yayyafa wa yadi wajen guga, ɗaya ya kwarara a ƙofar shago wai yana kwantar da ƙura, ta ukun ya ba wata bishiyar da ke fama da kanta a bakin kwata. Da yamma matarsa ta girgiza ta ji wayam, ta ce “Ka ga yadda ake yi, Baban yara.” Shi kuma ya ce “Ai lafiya ta fi komai.” Bishiyar ta yi kore shar cikin kwana goma.

Dogo ne ya fara lura. “Mijin Yaya, an kore ka daga ofis ne? Tun safe ban ga ka fita ba.”

“Na yi ritaya. Ka nemi wani ka yi wa gadin shago.”

Ga zafi, ga dutsen guga, ga rufin kwano. Fitsarinsa, in ya yi sau ɗaya da yamma, ya koma kalar shayi. Ya gani sarai. Ya ce wa kansa kwana goma sha huɗu ne kawai, ƙoda ai ba ta da kalanda. Hedimasta ya zo sau biyu, duka biyun ya same shi daram a kan kujera, ko kallon shago na shida bai yi ba. Mai Tsakuwa ya ji daɗi har yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ya gama wando. Ya yanka kwat, ya haɗa gaba da baya, ya sa shafi. Saura hannuwa da kafaɗa da kwala, wato inda ake gane tela.

Ranar ta goma sha ɗaya, da azahar, yana sunkuye zai ɗauko alli, abin ya cafke shi. Ya san shi tun kafin ya gama isowa. Ya dafa keke, ya zame ƙasa, ya cusa ƙyalle a baki don kada a ji ta bayan falanki. Amma wa zai ɓoye amai a shagon da bai fi tabarma biyu ba? Dogo ya shigo da gudu, ya ɗauke shi cak kamar dilar yadi. A cikin motar da aka tsayar, yana murɗawa yana nishi, abin da yake iya faɗa kawai shi ne “Makullin… ku rufe… kada ya taɓa.”

Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna wannan ba irin na baya ba ce. Ta yi girma, ta toshe hanya, ga zazzaɓi ya shigo. Aka kwantar da shi, aka sa masa ruwa ta jijiya, aka ce sai an shiga da na’ura an fasa ta. Likita ya tambayi matar ko yana shan ruwansa. Ta ce gora uku kullum, da hannunta take cikawa. Likita ya dubi Mai Tsakuwa ta saman tabarau. Mai Tsakuwa ya dubi silin.

Da suka rage su biyu ta ce, “Ina ruwan yake zuwa?”

Ya ce, “Zai ɗauke mini Hedimasta.”

“Wa?”

“Ƙaninki.”

Ta ce, “Wato saboda kada tsoho ɗaya ya zauna a bencin ƙanina, ka zaɓi ka bar ni da yara huɗu? Ba ni makullin.”

“Ba zan bayar ba.”

“Yana aljihun wandonka, wandon kuma yana jakata. Sanar da kai nake yi, ba roƙo ba.”

Kwana biyar ya yi a gadon. An fasa tsakuwar, zazzaɓin ya sauka, amma shi hankalinsa na kan yadi shuɗi. Yana rufe ido sai ya ga dogayen yatsun Dogo a kan yankansa. Ya yi fatan abin ya lalace, ya tuna Hedimasta ne zai ji kunya, ya janye fatan, can kuma ya sake yi.

Washegarin bikin digirin, da hantsi, sai ga Hedimasta a ɗakin marasa lafiya, sanye da kwat ɗin, don kawai ya nuna masa. Mai Tsakuwa ya ɗago kai. Kafaɗar ta kwanta lumui, ba tudu ba rami. Kwalar ta bi wuya kamar da ita aka haife shi. Tsohon ya rage shekara goma.

“Malam, ka gama da ni,” in ji Hedimasta yana juyawa. “Shekara ashirin da biyu ba ka taɓa yi mini irin wannan ba. Surukinka ya ce ka riga ka gama kafin ka faɗi, shi guga kawai ya yi ya sa maɓalli. Guda biyu nake so kuma, irinta sak.”

Guga kawai. Mai Tsakuwa ya ji maganar ta fi tsakuwar zafi. Da Dogo ya yi ta tutiya a layi, da ya san yadda zai tsane shi cikin kwanciyar hankali. Amma ya yi aikin da ya fi nasa, sannan ya miƙo masa yabon kamar mai ba da sadaka.

“Ranka ya daɗe, ɗan cire ta in gani.”

Ya karɓa da hannun da ba a sa wa allurar ruwa ba, ya juya ta ciki waje a kan cinyarsa. Ya bi ɗinkin hammata da farce. Ya ja kwala. Ya ɗaga ta wajen taga yana neman zare ɗaya da ya kauce, ko ƙofar maɓalli ɗaya da ta karkace. Majinyacin gadon kusa har ya tashi zaune yana kallo. Ya fi minti goma yana nema. Babu. Ya kuma gane cewa ko an ba shi wata guda, bai san yadda aka kwantar da kafaɗar nan ba.

Ya miƙa masa. Ya ce:

“Yankan nawa ne. Wandon nawa ne. Kafaɗa da hannu da kwala, wancan dogon banzan ne ya yi.”

Hedimasta ya tsaya da kwat a hannu.

“To,” ya ce. “Na gode da ka faɗa. Wando dai ba mai taɓa mini sai kai har in mutu. Kwat kuma, ka yi haƙuri, zan kai masa.”

Ya sa kwat ɗinsa, ya yi addu’ar samun sauƙi, ya fita. A bakin ƙofa ya yi karo da Dogo yana shigowa da ledar ayaba, har ya dafa masa kafaɗa. Mai Tsakuwa ya gani.

Dogo ya ajiye ledar, ya ja kujera. “Mijin Yaya, me ka faɗa masa? Na ga yana kallona kamar na ci jarrabawa.”

“Na faɗa masa kai maƙaryaci ne.”

“Haba! Ni da na rufa maka asiri?”

“Wa ya aike ka? An raba Hedimasta biyu, ka huta. Daga ɗamara zuwa sama naka ne.”

Dogo ya yi dariya har ma’aikaciyar jinya ta leƙo ta harare shi. Mai Tsakuwa bai yi ba. Ya juya fuska bango, sannan ba tare da ya waiwayo ba ya ce, “Sosan kafaɗar nan, nawa ka rage?”

“Rabi. Sauran kuma da hannu ake ɗinke shi, ba da keke ba. In ka fito zan nuna maka.”

“Ban ce ka nuna mini ba. Tambaya na yi.”