Bahago a Filin Besbol

A shekarun da nake karatun koyar da wasanni a Samaru, wani baƙon malami ya koya mana besbol, ya koma ƙasarsu ya bar mini buhun ƙwallaye da safunan hannu na fata. Buhun nan ne ya mayar da ni koci, ba wata ƙwarewa ba. Kowace Asabar da hantsi sai in ɗaura shi a bayan keke in nufi filin wata firamare, yara su biyo ni kamar mai tallan alewa. Masu wucewa kan tsaya su tambaya wace irin ƙwallo ce wannan da ba a taɓa ta da ƙafa.

Jifa nake fara koya musu. Yatsu biyu a kan ɗinkin ƙwallo, babban yatsa a ƙasa, a riƙe ta kamar ƙwai. A tsaya a karkace, a ɗaga gwiwa, a taka zuwa wajen mai cafewa, sannan hannu ya biyo baya. Ido kuwa kada ya bar safar da ake jefa wa. Da baki abin ba wuya. A aikace, ƙwallo ta sha faɗawa cikin masarar maigadi, ni ma ta sha samuna a ƙauri. Ina da saurin fushi, yaran kuma sun gano fushin nawa ba ya kaiwa azahar.

Akwai wani yaro daga Palladan, bai fi shekara tara ba, siriri mai faffaɗan kunne, wanda ya fi kowa sammako, ya kuma fi kowa rashin iya jifa. Duk abin da na faɗa yana yi, amma ƙwallon sai ta fita hannunsa ba ƙarfi ba saiti. Da ya ɗaga gwiwa sai sauran su watse suna dariya. Ya fara zama a gindin mangwaro yana cewa cikinsa na ciwo. Na san irin wannan ciwon cikin, daga shi sai daina zuwa. Ni kuwa ina son yaron ƙwarai, ba na so in rasa shi.

Ran nan an tashi, ina ɗaure buhu, sai na ga ya ɗauki dutse, ya waiwaiga, ya saki. Mangwaro ya faɗo daga can ƙololuwa. Da hagu ya jefa.

Na ce, "Zo nan. Kai bahago ne?"

Ya ɓoye hannun a bayansa. "A'a, Malam. Na daina."

"Wa ya ce ka daina?"

"Iya."

Iya kakarsa ce, ita ke riƙonsa tun yaye. Da lallashi da ranƙwashi ta mayar da shi ci da rubutu da gaisuwa da dama. Ban ga laifinta ba, duk haka aka yi mana tarbiyya. Sai dai a besbol, mai jifa da hagu ruwa a jallo ake nemansa. Na miƙa masa ƙwallo, na durƙusa da safa. Ya jefa, ta shigo tafina har sai da na ji zafi. Ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, sannan ya ce, "Don Allah kada ka gaya wa Iya."

Ban yarda ba. Abin da yara ashirin za su gani ba ya ɓuya, gara ta ji daga bakina. Bayan la'asar na je gidan, ta fito zaure muka gaisa, na zayyana mata.

Ta ce, "Ɗan nan, shekara nawa na yi ina gyara hannun nan, za ka kwance mini aiki a Asabar ɗaya? Yaro ya tashi yana karɓar abu a hannun manya da hagu, a ce wa ya raine shi?"

"Iya, ki zo ki gani da idonki. In kin ce a'a, magana ta ƙare."

"Zan zo in ga abin da ke hana maigidan nawa yi mini aike." Haka take kiran jikan nata.

Saura matsala ɗaya. Duk safunan buhuna na hannun hagu ne, domin mai jifa da dama da hagu yake cafewa. Bahago kuwa ta dama yake bukata. Na kai guda wajen wani mai gyaran takalmi a Sabon Gari, mutumin kudu, ya jujjuya ta ya tambaye ni ko ta masu walda ce. Ya ɗinko kishiyarta, mai tauri, tana warin takalmi, amma ta shiga.

Ranar Asabar Iya ta sauka daga acaba, ta zauna a benci da carbinta. Na jera yara, ina jefa wa kowa ƙwallo ya cafe, shi kuma ya jefa wa mai cafewa. Da aka zo kan jikanta, ƙwallon farko da ya jefa ta tafi cikin masara. Na ce ya numfasa, ya kalli safa kawai. Ta biyu ta tafi ɗoɗar, haka ma wadda ta biyo ta. Masu dariya suka yi tsit.

Iya ta yafito ni. "Waɗancan 'ya'yan wa ne? Kana ba su abu suna karɓa da hagu, ba mai ce musu kanzil."

Na yi mata bayanin safa.

"To, shi fa?"

"Shi da dama yake karɓa, tunda da hagu yake jifa."

Ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Ashe duk wurin nan maigidana ne kaɗai mai tarbiyya."

Na danne dariyata, don yaron ya matso yana jiran hukunci, kansa a ƙasa. Ta ce masa tuwo da gaisuwa da alƙalami na dama ne har abada, jifa kuwa ba ci ba ne, ya je ya yi. Bai tafi ba, don ta riƙe hannun hagun nasa tana shafa bayan yatsun.

Ta ce mini, "Kada ka bari ya yi ta jifa har ya yi masa ciwo. Hannun nan ya sha wuya a wurina, ya isa haka."